Hajiya Fatu da Ɗakin da ke Kira da Tsakar Rana

Duk wanda ya saba shiga motar farko daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi ya san Hajiya Fatu, ko da bai san sunanta ba. Ita ce dattijuwar nan mai farin gilashi da ke zama gefen taga, jaka a cinya, wani farin tsumma a naɗe a hannu kamar mai tafiya aikatau. Direbobi sun daina tambayarta inda za ta sauka. A wajen Birchi ake ajiye ta, ta taka ta bi ta cikin gonaki zuwa wata babbar sakandaren 'yan mata ta je-ka-ka-dawo wadda mutanen ƙauyukan wurin suka gina da guminsu. Ba zan kama sunan makarantar ba, na yankin sun san ta.

Ita ce shugabar makarantar, amma in ta isa ba ofis take nufa ba. Ɗakin ƙarshe take zuwa, wanda ke jingine da katanga. Ta tsaya a ƙofa, ta yi sallama ko da ba kowa ciki, ta buɗe tagogi, sannan ta bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya tana goge musu fuska. Daga nan ta fito ta ɗaga kai tana kallon Baba Rabo maigadi yana wanke farantan sola da ke kan rufi da wata doguwar sanda.

"Rabo, wancan na hagun, kashin tsuntsu ne ko ado ka bar mana?"

"Hajiya, ai tsuntsun ma ɗalibi ne, karatu ya zo."

Haka suke yi kullum. Ƙarshen watan nan Hajiya Nana Fatima Rabe za ta ajiye aiki. Ba ta da lambar yabo, ba a taɓa sa hotonta a jarida ba, kuma na tabbata in ta ga wannan rubutu faɗa za ta yi mini. To ta yi. Ni dai sai na faɗi abin da mutane suka gani da idonsu, domin ɗakin nan da take gogewa, 'yan shekarun baya ko akuya ba a bari ta yi kiwo kusa da shi.

Asalin ɗakin na Malam Sabitu ne, malamin lissafi, ɗan ƙauyen da ke bayan makarantar. Shi ya yi ta sintiri yana bin wata ƙungiya har ta gaji da ganinsa ta ba makarantar kwamfutoci da sola da lasifika da majigi. Ya san shi kaɗai ba zai iya raba kansa a kowane aji ba, sai ya riƙa ɗaukar kansa a bidiyo yana koyarwa, yana tarawa a babbar kwamfutar da ke gaban ɗakin. Ana saura kaɗan a buɗe wurin ya hau babur zai sayo wata waya a Dutsin-Ma. Mota ta ture shi a hanya. Gawarsa aka dawo da ita, Allah ya jiƙansa.

Shugaban makarantar na lokacin mutumin kirki ne, sai dai tsoro ya yi masa yawa. Ya ce kayan nan amana ne, wanda ya san kansu ya tafi, in wani abu ya lalace shi za a tuhuma. Ya sayo farin yadi, ya sa aka lulluɓe kowace na'ura yadda Malam Sabitu ya bar ta, ko maɓalli bai yarda an taɓa ba, ya garƙame ƙofa da kwaɗo. Wannan ita ce cutar da ke damun da yawa daga shugabannin makarantunmu, kuma tana ba ni haushi ƙwarai: mu ɓoye abu har ya mutu a hannunmu, sannan mu ce mun riƙe amana.

Ɗakin ya yi shekara biyu shiru. Sai a shekarar da Mas'uda, ɗiyar marigayin, ta shiga aji shida, ranar wata Talata da rana ta take, 'yan mata suna cikin aji, aka ji wani ƙugi daga ɗakin. Sai murya ta fito, muryar namiji, ras, wadda duk malaman suka sani.

"Mas'uda. Mas'uda. Shigo ki zauna."

Kowa a ƙasar nan da abu ɗaya aka raine shi: in ka ji an kira sunanka ba ka ga mai kiran ba, kada ka amsa, balle da tsakar rana, lokacin da mutanen ɓoye ke yawo. Wanda ya amsa ya bi su ke nan. To ga kira daga ɗakin da ke kulle, da muryar wanda aka binne. Ranar 'yan mata suka yi ta faɗuwa suna ihu, wasu suka tsallake katanga suka bar takalmansu. Kashegari da rana ta take muryar ta sake kira. Ranar da ta biyo baya ma haka. In hadari ya rufe sama sai a ji shiru, in gari ya yi tas sai ta dawo. Aka yi turare, aka yi tofi, aka kewaye ɗakin da ƙaya, amma ba wanda ya yarda ya shiga. Makaranta ta koma tashi tun da hantsi. Shugaban ya nemi canjin wurin aiki aka ba shi, aka turo Hajiya Fatu.

Kada wani ya zaci gwanar na'ura aka turo. Malamar Hausa ce da Addini, a lokacin ko saƙo za ta tura a waya sai ta miƙa wa wani ya rubuta mata. Ranar farko da ta zo, da hantsi ya yi ta ga malamai da ɗalibai suna ta tattara kaya suna ficewa kamar an yi shelar gobara. Ta zauna a ofis. Baba Rabo ya leƙo.

"Hajiya, a yi haƙuri a tashi, lokaci ya yi."

"Lokacin me?"

"Lokacinshi," in ji Baba Rabo, ya yi nuni da haɓa, bai ko waiwaya ba.

Ta ce ba inda za ta. Makarantar ta yi tsit. Rana ta daki filin har yana wal-wal, kurciyar da ke kuka a kan darbejiya ta yi shiru. Sai ƙugin ya taso a hankali, ta ji shi a tafin ƙafarta kafin ta ji a kunne. Da muryar ta kira, ta biyo baranda ta shigo har ofis. Hajiya Fatu ta san Malam Sabitu, sun taɓa zama bita tare a Katsina. Shi ne, har da 'yar shaƙewar nan tasa. Ta ce jikinta ya yi sanyi ƙalau cikin wannan zafi, ta kama Ayatul Kursiyyu, ta kai tsakiya ta rasa abin da ke gaba. Ta ji tsoro, tsoro na gaske, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa ba.

Da ta so, da ta bi sahun kowa ta riƙa tashi da hantsi har ta ƙare shekarunta. Abu biyu suka hana ta. Na farko, malamai sun ba ta labarin ɗaliban bara da aka kai jarrabawar JAMB, wadda da kwamfuta ake yin ta. Yaran da suka haddace littattafai suka zauna gaban na'urar da ba su taɓa taɓawa ba, wata ta yi ta kuka har lokaci ya ƙare, alhali ga irin na'urar jibge a makarantarsu a ƙarƙashin yadi. Na biyu kuwa Mas'uda ce. An ce ita ce ta ɗaya a ajinsu, kuma tun ranar da aka fara kiran ba ta ƙara taka makarantar ba.

Hajiya ta je gidansu. Mahaifiyar yarinyar ta yi aure a Makera, saboda haka a hannun kakarta take, Inno, uwar Malam Sabitu. Gona ɗaya ce tsakanin gidan da katangar makaranta. Ta tarar da Inno tana sussuka a tsakar gida, ita kuwa Mas'uda tana rakuɓe a bakin ɗaki, ta rame, wuya ya yi tsawo, kunnuwanta biyu cushe da auduga.

Bayan gaisuwa da ta'aziyya Hajiya ta ce, "Inno, zuwa na yi a ba ni ɗiyata ta koma aji. Jarrabawa ta ƙarato."

Inno ta jingine taɓarya. "Malama, ke baƙuwa ce, shi ya sa. Abin da ke cikin ɗakin can ba Sabitu ba ne."

"Murya dai tasa ce, Inno."

"Murya aro ce! Ni na haife shi. Yarinyar ga ɗiyar fari ce. Tun ranar sunanta har ya koma ga Allah bakin Sabitu bai taɓa furta sunanta ba. 'Ke' yake cewa, ko ya ce 'yarinyar nan'. Yaron da ke da wannan kunya shi zai tsaya tsakar rana shina rangaɗa sunanta gari na ji? Wani abu ne ya ari muryarshi don ya ɗauke mani jika. Na rasa ɗa, ba ni rasa ta. In damina ta faɗi Makera zan kai ta wurin uwarta, boko kuma ta yi bankwana da shi."

Maganar Inno a kan hanya take. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, kowa ya sani. Da za ta tafi Mas'uda ta rako ta zaure. A nan yarinyar ta zare auduga ɗaya, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Hajiya, audugar ba ta hana ni ji. Ko ranar da bai kira ba ina ji. Wallahi so nake in amsa. Ban taɓa jin sunana a bakinshi ba sai yanzu."

Wannan magana ta tsaya wa Hajiya Fatu a rai har ta koma Dutsin-Ma. Ta gane ba jarrabawa kaɗai yarinyar za ta rasa ba. In aka bar ta haka, hankalinta ne zai tafi.

Cikin makon iyaye suka yi taro. Shugabansu, Alhaji Mutawakkil, ɗan kasuwar hatsi ne, mutum mai yanke magana da wuri. Ya ce sun gaji, za su kawo leburori a kwaye rufin ɗakin, a rushe shi, kayan kuma a haƙa rami a binne. Zauren ya ɗauki kabbara. Hajiya ta miƙe ta ce a ba ta mako guda.

"Ki yi me da shi, Hajiya?"

"In shiga in gaishe da mai ɗakin."

Wani ya yi salati, wani ya yi dariya. Alhaji ya dube ta ya ce, "Mun ba ki. Amma in wani abu ya same ki, jama'a shaida ne ba mu muka aike ki ba."

Kashegari da makaranta ta watse ta yi alwala, ta yi nafila, ta sa Baba Rabo ya janye ƙayar. Makullin ya ɓace tuni, sai da aka fasa kwaɗon da guduma. Baba Rabo ya ja da baya har gindin darbejiya, ya ce shi daga nan zai taya ta da addu'a. Ta tura ƙofar, ta yi sallama. Ba wanda ya amsa.

Wari ne ya fara tarbarta, warin rufaffen wuri da kashin jemage. Ɗakin da duhu-duhu, sai zaren haske da ke shigowa ta ramukan taga. Ga teburori a jere, kan kowanne an lulluɓe abu da farin yadi, sahu-sahu, kamar gawawwaki na jiran salla. Zanzaro ya yi gini a kusurwoyi. A gaban ɗakin akwai kujera an ɗan ja ta baya, yadda mutum ke yi in zai tashi ya dawo yanzu. Hular Malam Sabitu tana rataye a jikinta. Ga kofin shayinsa a kan tebur, ya bushe, cokali a ciki.

Ta tsaya a tsakiyar ɗakin. Sai wani akwati a jikin bango ya yi ƙyas, wata 'yar fitila ja ta kama. Ƙugin ya taso. Fankar sama, wadda ba wanda ya taɓa, ta fara juyawa a hankali tana zubo ƙura, yadukan suka shiga motsi gaba ɗaya. A ƙarƙashin yadin da ke gaban kujerar wani haske ya bayyana, shuɗi-shuɗi, da inuwar wani abu tana kai da kawowa a ciki.

"Mas'uda. Mas'uda. Shigo ki zauna."

A cikin ɗakin muryar har cikin ƙashi take shiga. Hajiya ta ce ƙafafunta sun riga sun juya sun nufi ƙofa. Abin da ya tsayar da ita shi ne, bayan kiran ta ji muryar ta ci gaba da magana a hankali, maganar da ba a ji daga waje. Ta ce a ranta, mai son ɗauke yaro ba ya tsayawa hira. Ta yi bisimilla, ta miƙa hannu, ta yaye yadin.

Ga Malam Sabitu a fuskar kwamfutar, da hularsa a kai, wannan dai da ke rataye a kujera. Ya gama maganarsa, hoton ya tsaya cik, wani ɗan akwati ya fito yana ƙiftawa, yana jiran a danna a shiga darasi na farko. Kullum haka yake yi, ya kira, ya tsaya yana jira, har rana ta yi sanyi wutar ta ɗauke. Hajiya ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta. Baba Rabo ya jiyo kukan daga waje ya tabbatar an gama da ita, ya fara kiran sunan Allah da ƙarfi.

Da yamma ta samo Malam Yazid, mai gyaran sola a Dutsin-Ma. Ya zo ya duba ya ce ba wani abin mamaki: batiran ne suka mutu. Da suna da rai na'urar ba ta taɓa mutuwa ba, shi ya sa aka yi shekara biyu shiru. Yanzu kuwa sai rana ta take wuta ke isarta, ta farka, ta fara daga bidiyon farko, wanda marigayin ya yi don gwada lasifika bai samu ya goge ba.

"Yanzun nan zan cire shi, Hajiya, kowa ya huta."

"Kada ka taɓa," in ji ta.

"Haba Hajiya, ba shi ne fitinar ba?"

"In ya yi shiru ba su ga dalili ba, cewa za su yi ya koma wani wuri. Yarinyar kuma har ta mutu tana zaton aljani ne ya kira ta. Bar shi. Ni dai koya mini yadda ake maido shi baya, da yadda ake haska shi a bango."

A nan ne na ce shugabanci ya bayyana. Mace mai jikoki ta zauna a kujerar ɗalibai, gilashi a karan hanci, tana koyon jan ɗan abin nan da ake kira maus, yana kufce mata yana gudu gefe, tana yi masa tsawa kamar ɗan akuya. Kullum da rana ta take tana ciki, taga a buɗe, don duk mai wucewa ya gan ta. A rana ta uku ta aika a kira malamai. Ba ta yi musu wa'azi ba. Cewa ta yi, "Ni tsohuwa na kwana uku ina shiga ban mutu ba. Wanda ya fi ni son ransa ya tsaya a waje, ɗalibai na kallo." Kunya ta shigo da su ɗaya bayan ɗaya.

Saura Inno. Hajiya ta koma gidan ana gobe wa'adi zai cika.

"Inno, ƙa'idar dai ba a amsa wa wanda ba a gani ba, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"To na gan shi. Ki zo ki gan shi ke ma. In kin duba kin ce ba ɗanki ba ne, ni da hannuna zan miƙa wa Alhaji guduma, kuma ba zan ƙara yi miki maganar Mas'uda ba."

"Ko cikin duhu na san ɗana," in ji Inno. "Ina zuwa. Amma yarinya a waje za ta tsaya."

Ranar iyaye suka cika filin makarantar, leburorin Alhaji na zaune a inuwa da gudumominsu. Waɗanda suka yi ƙarfin hali suka shiga, sauran suka yi cincirindo a tagogi. An kwashe yadukan, an saita majigi ya fuskanci bango. Hajiya ta ce kowa ya ga hannunta, ba abin da za ta taɓa. Aka zaunar da Inno a gaba, carbi a hannu. Mas'uda tana can gindin darbejiya da audugarta.

Sai ga wani guntun hadari ya zo ya tsaya a kan rana. Aka yi ta jira. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar carbin Inno. Alhaji Mutawakkil ya duba agogo, ya dubi Hajiya. Ita kuwa bakinta kawai ke motsi. Da hadarin ya gota, akwatin bango ya yi ƙyas, fanka ta motsa, wata mata a taga ta ƙwalla ƙara ta ruga.

Malam Sabitu ya fito a bango, girmansa ya kai na mutum a tsaye. Yana cikin wannan ɗakin dai, shi kaɗai. Ya gyara lasifika, ya dubi dama, ya dubi hagu. Ya tashi ya je ya leƙa ƙofa, ya dawo yana sanɗa kamar yaron da zai saci ƙuli-ƙuli. Sannan ya matso, ya buɗe murya.

"Mas'uda. Mas'uda. Shigo ki zauna."

Sai ya toshe bakinsa da hannu yana dariya, ya rage murya. "Kai, abin ga da ƙara! Da Inno ta ji ni, yau na shiga uku." Sai dariyar ta tafi. "Ba kowa, ni kaɗai ne, bari in faɗa in ji daɗin bakina. Mas'uda. Kujerar gaba ta kusa da taga taki ce. In Allah ya kai ki aji shida, ki shigo ki zauna. Kada ki ji tsoron na'urar ga, ba ta cizo."

Hoton ya tsaya. Inno ta tashi da ƙyar, ta taka har jikin bangon, ta ɗora tafin hannunta a kumatunsa, hasken majigin ya hau bayan hannunta.

"Shi ne," ta ce. "Ja'iri marar kunya. Ashe ka iya faɗi." Hawaye na zuba tana dariya. Ta juyo. "Ku kirawo mani yarinyar."

Aka shigo da Mas'uda tana tirjewa, idanunta a rufe. Inno da kanta ta zare audugar, ta jefar a ƙasa. Ta dubi Hajiya ta ce, "Malama, a sake." Hajiya Fatu ta zauna, ta kama maus ɗin nan da ya yi mako yana wahalar da ita, ta maido bidiyon farko.

Da ya kira, Inno ta riƙe kafaɗar jikarta. "Buɗe ido. Ga mai kiranki nan, kin gan shi. Amsa mashi."

Yarinyar ta dubi bangon. Bakinta ya yi ta motsi kafin sauti ya fito.

"Na'am, Baba."

Waɗanda suke wurin sun ce har leburorin sai da suka share hawaye. Alhaji Mutawakkil ya fita ya sallame su, kuma shi ya fara kawo gudummawar sababbin batira. Mas'uda ta je ta zauna a kujerar gaba ta kusa da taga, ta danna akwatin da ya daɗe yana jira, mahaifinta ya fara darasi na farko. Ta zauna jarrabawa a shekarar ta ci. Yanzu tana jami'a a nan Dutsin-Ma, kuma ba sai na gaya muku abin da take karanta ba.

Bidiyon kiran an cire shi daga na'urar an sa wa Inno a waya. Malam Yazid ya yi bayanin batir ya gamsar da kowa. Amma in ka tambayi Hajiya me ya sa batiran ba su mutu ba sai a shekarar da yarinyar ta shiga aji shida, sai ta gyara gilashi ta ce Allah ne masani. Har yau ba ta shiga ɗakin ba sallama.

Ba a nan ta tsaya ba. Ta kafa doka cewa duk malamin da aka turo, ko na Addini ne ko na girki, sai ya zauna gaban na'ura kafin ya riƙe alli. Makullin ɗakin ta raba shi hannu uku don kada rashin mutum ɗaya ya sake rufe shi. Na'ura in ta lalace a hannun ɗaliba, ba duka ba tara, cewa take yi wadda aka taɓa ce ke lalacewa, a kira Yazid. Sannan ta bi takwarorinta shugabannin makarantu daga Kurfi har Shema, ofis-ofis, tana shan ruwansu tana tambayarsu ina nasu ɗakin. Wasu sun buɗe sun tarar ɓera ya cinye wayoyi, gara ta ci teburi. Wasu sun tarar da komai lafiya lau, shekaru kawai aka yi asara. Farin yadin nan kuwa ta sa an yayyanka shi, shi ne tsumman da kuke gani a hannunta a mota.

Hajiya Fatu, ke ce kika shiga inda maza suka kewaye da ƙaya. Ke ce ba ki ji kunyar zama ɗaliba da furfura a kai ba. Ba ki raina tsoron mutanenki ba, ba ki ce musu jahilai ba, kin bi ta ƙa'idar da suka sani kin nuna musu mai kira. Ta Rabe, uwar 'yan mata, kin maido wa tsohuwa ɗanta, kin maido wa marainiya sunanta. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki huta lafiya, ya jiƙan Malam Sabitu.

Ku kuma masu riƙe da makarantu, na san da yawanku akwai irin wannan ɗaki a bayan ofishinku, da kwaɗo a ƙofa da yadi a kan kaya, makullin yana aljihunku yanzu haka kuna karanta wannan. Naku ba ya magana da tsakar rana, shi ya sa kuke barci lafiya. Amma akwai yarinya a ajinku da kujerarta ke ciki. Ku tashi ku buɗe mata, ku fara zama ku koya, sannan ku kira ta da sunanta ta shigo ta zauna.